Kalmar troublesome a takardar sakamakon yaro: babban laifi ne ko ƙiriniya?

Baban Yara, Garwa

Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Karatuna na Faransanci ne, Ingilishina bai wuce na gaisuwa da ciniki ba, shi ya sa na kawo wannan gabanku.

Ɗana yana Form 2 a ɓangaren Ingilishi na wata makaranta mai harshe biyu a nan Garwa. Sakamakon zangon farko ya fito, ya sami 14 bisa 20, amma a gurbin da malamin aji ke rubuta ra'ayinsa an sa "Intelligent but troublesome". Na tambayi waya, ta ce gênant, wata manhajar ta ce pénible, da na juya ta Hausa kuma aka ce "mai matsala". To, mai matsala ta wace fuska? Shi ke cikin matsala, ko shi ke jawo ta? Kalmar da ake rubuta wa yaron da ke bakin kora ce, ko ta mai surutu a aji?

Sai kuma yayarsa da ke shirin jarrabawar Probatoire a ɓangaren Faransanci. Ta rubuta "I am troublesome about my exams", tana nufin hankalinta a tashe yake saboda jarrabawa, malaminsu ya bi ta kai da jan biro bai ce komai ba. Ina kuskuren yake? Kuma mene ne tsakanin wannan kalma da difficult? Allah ya saka da alheri.

Malamar Ingilishi, Marwa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Shi ke jawowa. Kalmar haɗi ce: trouble, wato wahala ko fitina, sai ɗafa-ƙeyar some, wadda aikinta shi ne ta ce "mai haddasa abin nan". Kusan aikin da "mai" ke yi mana a mai fitina, mai wahalarwa, mai damun mutane. Duk abin da aka liƙa wa troublesome, daga gare shi wahalar ke fitowa, kan wasu kuma take sauka.

Akwai wani abu a cikinta da fassarar waya ba ta kamawa, shi ne naci. Ba a cika kiran abin da ya faru sau ɗaya ya wuce troublesome ba. Tarin da ya ƙi tafiya, a troublesome cough. Gwiwar ɗan ƙwallo da ke motsawa duk bayan wasa biyu uku, a troublesome knee, kuma masu rubuta labarin wasanni suna son wannan ƙwarai. Ƙuduji a gonar dawa, ka tuge bana ya dawo baɗi, a troublesome weed. Abin da ya zame maka ƙarfen ƙafa ke nan. Amma ba dole ya zama mai haɗari ba, hasali ma idan abu ya kai ga asarar rai ko ta dukiya, kalmar ta yi masa kaɗan. Wanda ya rubuta cewa ambaliyar kogin Logon troublesome ce ya raina abin. Can serious ko disastrous ake nema.

Difficult kuwa abin da yinsa ke buƙatar ƙoƙari ko ƙwarewa ne. Lissafin Terminale C, ajin ƙarshe na sakandare, difficult ne, ka zauna ka sha fama da shi, ka rufe littafi shi ke nan. Haƙorin da ke hana ka barci troublesome ne, ba mai ce masa difficult. A kan mutum ne kawai suke ɗan kusantar juna. A difficult child yaro ne mai wuyar sha'ani, mai wuyar lallashi, yana iya zama shiru-shiru ma. A troublesome child shi ne wanda zai taɓa wannan, ya tsokani wancan, malami na juya baya ya tashi daga kujera.

Yanzu batun yarinyar. Kalmomi uku ne uwa ɗaya, kuma a nan ɗalibai suka fi zubar da maki: troubled, troubling, troublesome. Troubled wanda abin ya sama ne, yana cikin damuwa. Troubling abin da ke tayar da hankali ne idan an ji shi ko an gan shi, kamar troubling news. A zuciya yake aiki. Troublesome mai ba da wahala ne a aikace, yau da gobe. Da Hausa, tsakanin ta farko da ta uku kamar tsakanin wahalalle da mai wahalarwa ne.

Amma Hausar tamu ma tana da tarko a nan. Fitinanne siffarsa ɗaya da wahalalle da karyayye da dafaffe, sai ɗalibi ya ɗauka ai kalma mai ed ce ta dace da shi, ya rubuta a troubled boy. Alhali fitinanne shi ke fitinar mutane, don haka troublesome ne. A troubled boy yaro ne da wani abu ke ci masa rai, ko rikicin gida ko damuwar ƙwaƙwalwa, wanda ke bukatar a zauna da shi. Ma'anar ta juye gaba ɗaya.

Abin da 'yarka ta rubuta, in an bi shi yadda yake, cewa ta yi ita fitinanniya ce, sannan about ba ta da wurin zama bayan wannan kalma. Abin da ke biyo ta for ne ko to, don nuna wanda wahalar ke sama: "The dust is troublesome for people with asthma." Abin da take son faɗa shi ne "I am worried about my exams" ko "I am anxious about my exams". Idan kuma nufinta wani darasi ne ke ba ta wuya, sai ta ce "I am having trouble with physics" ko "I have trouble understanding physics". Ta lura da ing ɗin nan. 'Yan ɓangaren Faransanci sukan ɗauko j'ai du mal à comprendre su ce "I have trouble to understand", kuma jan biro ne. "I am in trouble" wata magana ce dabam: na shiga uku, akwai hukunci ko asara a gabana.

Malam Mai Alli, Ngaundare

Malama ta gama da nahawu, ni kan takardar zan tsaya. Alhaji, ka kwantar da hankalinka, amma kada ka ninke ta ka ajiye.

A bakin malaman ɓangaren Ingilishi na ƙasar nan, musamman waɗanda suka taso Bamenda da Buya da kewaye, troublesome kalmar yau da kullum ce, ita da stubborn. Stubborn ɗin ma sun faɗaɗa ta, ta wuce taurin kai ta haɗa da rashin ji gaba ɗaya. Da malamin ɓangaren Faransanci ne ya rubuta wa ɗanka wannan ra'ayi, abin da zai sa shi ne turbulent, ba gênant ba. Kada dai a mayar da turbulent ɗin Ingilishi a kan yaro, don masu Ingilishi a wurin iska da ruwa da zamanin rikici suka fi amfani da ita.

In ka jera kalmomin da ake rubuta wa yara daga mai sauƙi zuwa mai nauyi, talkative da playful da noisy suna ƙasa, surutu da wasa ke nan, bavard ɗin da ka sani. Troublesome tana tsakiya. Sama da ita akwai disruptive, wanda ke hana darasi tafiya, da unruly, gagararre, da rude ko insolent, mai rashin kunya ga malami, sai violent, mai duka. Waɗannan na sama su ne ke kai uba ofis.

Abin da zai gaya maka gaskiyar nauyin maganar yana wani gefen takardar, wajen da ake cika halin ɗalibi: awannin fashi, gargaɗi, dakatarwa. A ɓangarenku na Faransanci avertissement conduite da blâme da exclusion ne, a nan za ka ga warning, serious warning, suspension. Idan guraben nan babu komai, to ra'ayin malamin aji ne kawai, ba hukunci ba ne. Idan an cika ɗaya daga ciki, maganar ta riga ta bar aji.

Ka fara ganin class master, shi ne professeur principal, kafin discipline master, wanda kuka sani da surveillant général. Tambaya uku sun isa: "What exactly does he do?", "In which lessons?", "Where does he sit?" Dalili shi ne kalmar ba ta faɗi laifin ba, ta faɗi yadda malami ke ji ne kawai. Idan a darasi ɗaya ne yake yi, to tsakaninsa da malamin darasin ne. Idan a duka ne, abu biyu aka fi samu. Ko dai yaro mai kaifin kai ne da ke gama aiki kafin sauran a aji mai cunkoso, ya rasa abin yi sai tsokana, ko kuma yaro ne da Ingilishin malami ke wuce shi, a gida Hausa da Fulatanci, sai ya riƙa juyawa yana tambayar na kusa da shi, malami kuma surutu yake gani. Mai 14 bisa 20 ya fi kama da na farko, kuma maganinsa sau da yawa bai wuce a dawo da shi kujerar gaba a ƙara masa aiki ba. Bulala kafin a san wanne ne ɓarna take yi, musamman ga na biyun, don daina tambaya zai yi.

Wuri ɗaya zan ƙara a kan maganar Malama cewa kalmar ba ta da haɗari. A takardar zango haka ne. Amma idan ta fito a takardar shaidar hali da za a kai wata makaranta ko wajen neman aiki, nauyinta ya ninka, don mai karantawa bai san yaron ba, kuma a rubutaccen Ingilishi a troublesome student ko a troublesome employee na nufin wanda gara a kauce masa. Haka nan idan ta maimaitu zango uku a jere, majalisar malamai ta ƙarshen shekara tana duba hali tare da maki.

Tafinta, Njamena

Gaisuwa ga Malama da Malam. Ni ta gefen Faransanci zan shigo, don mu da muka bi ta wannan harshe kafin Ingilishi, a Kamaru ne ko a nan Cadi, rabin kuskurenmu daga can yake tasowa.

Trouble asalinta Faransanci ce. Bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, dubban kalmomin Faransanci sun kwarara cikin Ingilishi, ita ma a cikinsu, tushenta kuma Latin ne mai ma'anar dagulawa da hargitsi. Some ɗin kuwa tsohon Ingilishi ne na gado, haɗin biyun ya bayyana a rubuce a ƙarni na 16. Matsalar ita ce tun da suka rabu kowa ya kama hanyarsa. Faransanci ya riƙe ma'anar dagulewa, Ingilishi ya karkata wajen wahala. Rubutu ɗaya, aiki dabam.

Shi ya sa une eau trouble ba troublesome water ba ce. Ruwa ne gurɓatacce da ba a ganin ƙasansa, cloudy ko murky, a rahoton masu aikin rijiyoyi kuma turbid. Troubled waters akwai ta, amma salon magana ce ta halin rikici, ba ruwan sha ba. Vue trouble, gani dishi-dishi, blurred vision ne. Troubles du sommeil sleep disorders ne, troubles digestifs kuma digestive problems. Troubles na tarzoma a gari unrest ake cewa ko disturbances, ko da yake rikicin Ireland ta Arewa da aka yi daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa yarjejeniyar 1998 sunansa the Troubles, nan kam harsunan biyu sun haɗu. Fauteur de troubles shi ne troublemaker, kuma ta fi troublesome zafi nesa ba kusa ba, don tana nufin da gangan mutum ke kunna wutar. Troublant kuwa troubling ce ko disturbing, kada a kai ta wajen troublesome.

Wata da ke kayar da 'yan jami'a ita ce problématique. A Faransanci, ban da aikinta na siffa, takan zo a matsayin suna, wato tambayar da aka gina rubutu a kanta. Problematic ta Ingilishi a yawancin amfani siffa ce, abu mai aibi ko mai shakku. Mai rubuta taƙaitaccen bayanin kundinsa da Ingilishi ya ce research question ko research problem. Tsakanin problematic da troublesome kuma, ta farko hukuncin tunani ce: wannan hujja ko wannan tsari akwai inda bai zauna ba. Ta biyu ta jiki da lokaci ce. Haka inconvénient: a Faransanci a matsayin suna take zuwa, illar abu, drawback ko disadvantage, alhali inconvenient siffa ce, abin da bai zo daidai da lokacinka ko wurinka ba.

Ga masu fassara a asibiti, a yi hattara da wannan. Idan likita ya rubuta troublesome cough, nufinsa tarin na takura wa majiyyaci, yana hana shi barci ko aiki. Bai ce komai kan haɗarinsa ba. Haɗari da tsawon lokaci suna da nasu kalmomin: severe mai tsanani, persistent wanda ya ƙi tafiya, chronic wanda ya daɗe, acute wanda ya taso farat ɗaya. Majiyyaci ya ce maka mako uku yana tari yana rama, kai ka taƙaita shi da troublesome, ka jefar da abin da likita ya fi bukata, domin tarin da ya wuce mako biyu shi ake aikawa gwajin tarin fuka. Ka faɗi adadin kwanakin yadda aka faɗa maka.

Mai Injin Ban-ruwa, Marwa

Malamai, ku ba ni aron zauren kaɗan. Ina sayar wa manoman albasa injinan ban-ruwa masu inci uku, daga Legas ake turo mini. A kayan da suka iso, biyu cikin goma suna ba da wahala. Idan na rubuta wa mai kayan a WhatsApp cewa "Two pumps are troublesome", ya wadatar ya canza mini? Kuma in ina son in ce masa ya yi haƙuri da yawan damunsa da nake yi, "Sorry, I am troublesome" daidai ne?

Magatakardan Dillalai, Kusiri

Alhaji, jimlar ba ta da kuskuren nahawu, amma ba za ta dawo maka da ko dala ba. Troublesome ba ta ɗora laifi a kan kaya. Mai kaya zai karanta ta a matsayin inji yana aiki, kai ne ba ka jin daɗinsa, ya ce maka a duba fulogi. Kalmomin da ke sa a canza kaya su ne faulty da defective, wato da aibinsa ya fito daga masana'anta, défectueux ke nan. Damaged na nufin ya lalace ne a hanya, kuma da ka rubuta ta ka ba shi ƙofar tura ka wajen direba, don haka kada ka sa ta sai in tukunyar famfon ta tsage ko wani abu ya lanƙwashe. Unreliable na injin da yau ya tashi gobe ya ƙi ne. En panne kuma broken down ce ko out of order.

Saƙon ya ƙunshi abu biyar: wane kaya, guda nawa, yaushe ya iso, me yake yi takamaimai, me kake so a yi maka. Misali: "Two of the ten 3-inch pumps delivered on Monday are faulty. The first starts, runs for about five minutes and stops. The second runs but does not draw water. Please replace them or refund the cost." Ka haɗa da lambar da ke jikin kowane inji da ɗan bidiyo yana yin abin.

Kafin ka rubuta faulty a kan wanda ba ya jan ruwa, ka tabbatar an cika tukunyar famfon da ruwa kafin a tayar, tiyon tsotso ba ya shan iska ta mahaɗa, kuma zurfin ruwan bai wuce mita bakwai zuwa takwas daga inda injin ke zaune ba. Irin wannan famfo ba ya tsotso fiye da haka komai sabuntarsa, kuma da rani ya yi nisa ruwan rijiyoyin bakin mayo, wato rafi, sauka yake. Ka gwada shi a tafki ko a durom tukuna. In ya ja a can, lafiyarsa ƙalau.

Tambayarka ta biyu kuma, a'a. Ka ce "Sorry to trouble you" ko "Sorry to bother you again". In ya yi maka ɗawainiya, "Thank you for taking the trouble". Kuma komai zafin ciniki kada ka rubuta masa "You are troublesome". Kalmar da babba ke faɗa wa yaro ce, ga abokin ciniki cin fuska ce.

Malamar Ingilishi, Marwa

Saura furuci da rubutu, don 'yar Alhaji da sauran masu jarrabawa.

Gaɓa uku ce, nauyi a ta farko: TRA-bul-sam. Wannan ou ɗin ba "u" ba ce. Trouble, double, couple, cousin duk rubutunsu ɗaya a harsunan biyu, shi ya sa bakin da ya saba da Faransanci ke cewa "trubul", ya kuma kai nauyin gaɓar ƙarshe. A Ingilishi sautin da ke cikin cup da young da country ne. Mutanen kudancin Kamaru da kudancin Najeriya "trobul" suke cewa, kowa kuma yana ganewa, amma gajeren "a" namu na tafi da zama ya fi kusa da na Ingila, don haka Bahaushe bai da dalilin barin nasa. Abin da zai kiyaye shi ne cusa wasali tsakanin t da r, "tirabul". Some ɗin ƙarshe kuma a sassauta shi, kada a ja.

A rubutu kalma ɗaya ce, babu tsaga babu karan ɗori, kuma e ɗin trouble na nan daram. Wajen kwatanci more troublesome da most troublesome ake cewa, ba a liƙa mata er ko est. "Very troublesome" daidai ne. "Too troublesome" kuwa sai in ana nufin ya wuce iyaka har ya hana wani abu, kamar "The old pump is too troublesome to keep". Yadda muke sakin trop a hira da ma'anar "sosai" ba ya tafiya da too.

'Yan uwanta masu some suna fitowa a tambayoyin cike gurbi. Quarrelsome masifaffe ne, meddlesome mai shisshigi, burdensome abin da ya zama nauyi kamar haraji ko bashi, cumbersome abu mai wuyar ɗauka ko tsari mai dogon zagaye, danginsu ɗaya da encombrant. Tiresome ba tiring ba ce: tafiyar mota daga Marwa zuwa Ngaundare tiring ce, jiki take gajiyarwa, mutumin da ke maimaita labari ɗaya kullum shi ne tiresome, ya gundure ka. Kada kuma a ɗauka duk mai some aibi ce, handsome da wholesome yabo ne. Sannan ba a ƙera sababbi yadda muke ƙera "mai kaza" a Hausa. Problemsome da difficultsome babu su a ƙamus, mai gyaran takarda zai soke su.